Dashen Isiyaku

A wannan wata na Safar mahaifina, Malam Isiyaku, ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. A nan Jidda muka binne shi, nesa da ƙauyen da aka yanke masa cibiya a arewacin ƙasar Katsina. Akwai wata ƙarya da na yi masa ana saura wata uku ya rasu, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yau zan faɗa, amma sai na fara da gonar.

Yana saurayi aka kawo wa ƙauyensu dashen dalbejiya. Zamanin Turawa ne. Malamin daji ya zo da 'yan itatuwa cikin kwanduna, ya ce gwamnati na son a dasa don tare iska da rairayi, kowa ya ɗiba kyauta. A al'adar mutanenmu, wanda ya dasa itace shi ke da shi, kuma itacen shaida ne a kan ƙasar da yake tsaye. Idan rigimar iyaka ta tashi, dattawa kan tambayi wa ya dasa tsamiyar can, magana ta ƙare. Da wannan ido kakana Sale ya dubi dashen. Ya ce wa ɗansa su cika gonar da shi, ta yadda ko bayan ransu babu mai yi musu gardama.

Rani biyu mahaifina ya yi yana jido ruwa daga rijiya mai gaba ashirin. Ya kewaye kowane dashe da ƙaya. Maƙwabcinsu Tanko shi ma ya karɓa, ya soka a ƙasa, ya koma gindin kuka ya kwanta, awakinsa suka cinye tas. A shekara ta uku aka zo da sarƙar awo da turakun siminti. Duk inda dashe ya kama, aka ce ya zama gandun daji na gwamnati, ba noma, ba kiwo, ba sara. Inda bai kama ba, aka bar wa mai shi. Tanko ya ci gaba da noman gonarsa har ya tsufa.

"Akuyar Tanko ta fi ni hankali," haka Baba yakan ce, ya yi dariya. Mu ma mukan yi, don muna yara. Sai da na girma na lura ba ya ƙarasa dariyar.

Su kakana da sauran waɗanda abin ya shafa aka kwashe su zuwa wani sabon matsuguni, tafiyar yini guda. Aka auna wa kowane magidanci fili daidai da na ɗan'uwansa, aka ce gyaɗa za a shuka, don ita jirgin ƙasa ke jira. Filin fako ne. Kakana bai ga damina ta uku a wurin ba. Bayan sadakar arba'in mahaifina ya ɗauki sanda ya nufi gabas, yana tafe yana ƙodago a gonakin audugar Sudan, har ya tsallako teku. Ya yi hajji, bai koma ba.

Sana'ar da ya samu a Jidda ita ce ban ruwa a lambunan gidajen unguwar Bagdadiyya. Kusan shekara arba'in yana yi. Amma bai taɓa dasa ko tsinke ba. Idan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya kawo sabon dashe, sai ya kira wani ya sa a rami, shi ya zuba ruwa. A lungunmu na Nuzla akwai dalbejiya guda inda tsofaffi ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Baba yakan gaishe su daga nesa, ya zauna a jikin bango.

"Malam, wai ita ce ta ci maka gona?" in ji Umma, mahaifiyata. "Halas, ya isa haka mana, ka shiga inuwa kafin ƙwaƙwalwarka ta dahu."

"Danginta ne," in ji shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni. Sunan mahaifinsa na ci, don haka Babana yake ce mini. Ya ce, "Babana, ka je gida ka gano mini itatuwan nan. In suna nan, to ruwan da na ɗiba bai tafi a banza ba." Bai roƙi a dawo masa da gona ba. Abin da yake so ya sani ke nan.

Na je. Gani ya kori ji. Babu gandu, babu itace ko ɗaya. An sare su tun da daɗewa, wasu don girki, wasu don gawayi, gari ya matso, an yanka wurin filaye. Na ga turken siminti guda a karkace, an ɗaure masa tunkiya. Na dawo na durƙusa a gefen katifarsa, ya tsura mini ido, na ce, "Suna nan, Baba. Ba sa ƙirguwa."

Washegari da la'asar ya ce a fitar da shi. Ni da ƙanena muka tallafe shi, ya nuna mana dalbejiyar lungu, muka zaunar da shi a gindinta. Tsofaffin suka matsa suka ba shi wuri. Kullum nan yake zama har ranar da ya kasa tashi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce in ya ga yau. Rusau ya bi ta lungunmu, gidan da dalbejiyar duk sun tafi, mu muna haya a unguwar Waziriyya. A can gida kuma ina jin ana ta shelar a dasa itatuwa a tare hamada, kuma gaskiya ne, hamadar na tafe. Ba na jin zai hana kowa. Ina jin dai zai ce a fara gaya wa manomi, da bakin da yake ganewa, gonar ta wa za ta zama idan dashen ya kama. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma su Baba ba a ɓoye musu da ƙarya ba, shiru aka yi musu.

Idan na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Gona ta tafi, itatuwa sun tafi, gida ya tafi. Kabarinsa ba alama, kamar yadda ake yi a ƙasar nan, ko ni ba zan iya nuna shi ba. Saura abu ɗaya, kuma shi ne wanda na ɓoye masa, don in na faɗa sai sauran gaskiyar ta biyo baya.

Ranar da na je, a motar haya na shiga daga cikin gari. Ban san inda zan sauka ba. Muna cikin tafiya, a wani fili mai shaguna da bulo, ba inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya, direba ya rage gudu ya waiwayo.

"Dashen Isiyaku! Akwai mai sauka?"

Na tambaye shi wane ne Isiyakun. Ya ce oho, haka ya taso ya ji ana faɗa.

Na kawo wa mahaifina itatuwan da babu su, na baro masa sunansa a bakin hanya. Shekara goma sha biyu ina auna wanne zai fi so a cikin biyun, ban samu amsa ba, kuma wanda zai ba ni ita ya riga ya tafi. Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya ba shi inuwar da babu mai zuwa da sarƙa ya auna.