Gwado mai kamu biyar

Tsofaffin Tudun Wada da suka riski Ishatu mai kaɗi sun fi tuna hannunta a kan fuskarta. Yatsunta na dama kullum fari fat suke da alli, mazari yana juyi a gabanta, taskirar auduga tana gefe. Masaƙan unguwar sun san zarenta ko ba a faɗa musu ba, domin ba ya da ƙulli kuma ba ya tsinkewa a kan masaƙa. Ita da mijinta Kailani, mai jigilar kaya da jakuna, suna cikin waɗanda suka fara kafa bukka a Tudun Wada bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya, lokacin da unguwar ba ta wuce gidaje 'yan kaɗan da gonakin dawa ba.

Ta haifi 'ya'ya huɗu, biyu suka rayu: ɗan farinta Mika'ilu, da autarta Maijidda wadda aka aurar can Soba. Wanda bai tashi a ƙasar nan ba zai yi mamakin yadda ta riƙi waɗannan biyun. Maijidda ta sha goyo da kirari da wasa. Shi kuwa Mika'ilu, da aka yaye shi sai kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Ishatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, in ya shigo sai ta kau da kai ta shiga neman abin da bai ɓata ba. In dole ta ambace shi, sai ta ce wancan, ko yaron nan. Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma matan zamaninta suna auna tarbiyyar mace da ita. Ishatu ta riƙe ta fiye da kowa, har ana ba 'yan mata misali da ita.

Yana ɗan shekara takwas gyambo ya kama shi a ƙafa, ya ƙi jin magani. Kailani ya ɗora shi a jaki ya kai shi ɗakin shan magani na 'yan Mishan. Jinya ta ɗauki watanni, ƙafa ta warke, yaro ya zarce makarantarsu. Da ya kai saurayi aka yi masa baftisma, ya zama Irmiya. Uban ya yi fushi, ya ce kada ya sake taka masa gida, bai sauko ba sai gab da rasuwarsa. Ishatu kuwa, duk ranar Juma'a takan tuƙa tuwo mai yawa, ta zuba miyar kuka da man shanu, ta ba maƙwabciyarta Talatu ta ce a kai wa marasa lafiya na Mishan sadaka. Talatu ta san ko wane mara lafiya ake nufi, ba ta taɓa kuskuren hannun da za ta miƙa wa ba. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne ta ce masa daga Innarsa ne, don a ganinta wannan ba abin faɗa ba ne, kowa ya sani.

Irmiya ya zama malamin majami'a. Ya auri Keziya, wadda ta girma a wani gidan marayu na Mishan can bakin kogin Kwara, ba ta san uwa ba balle dangi. Tana jin Hausa sarai, tana da ladabi, in ta zo gaisuwa har ƙasa take durƙusawa. Amma ba wanda ya zaunar da ita tun tana ƙarama ya koya mata abin da ake nufi in uwa ta juya wa ɗanta baya. Abin da idonta ya gani shi ta ɗauka: tsohuwa tana wasa da jikarta Felicia, tana kiranta ƙawata, tana cusa mata ƙuli-ƙuli a hannu, amma uban yarinyar ko kallo bai ishe ta ba. Shi Irmiya ya san al'adar, ya sha yi wa matarsa bayani. Sai dai ya bar gida da wuri, ya girma cikin mutanen da in suna son ka sai su faɗa maka, kuma tun ranar baftisma wata tambaya ta zauna masa a rai: shirun nan na kunya ne kaɗai, ko an ƙara masa wani abu?

A shekarar 1926, ana tsakiyar damina, labari ya zo cewa za a tura shi ƙasar Gwanja, ya yi wa'azi a zangon Hausawa na Kumasi. Za su bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, wato Legas, daga nan su hau jirgin ruwa. An ba su har bayan kaka su shirya. Keziya ta shiga raba tukwane da kaji ga maƙwabta, tana ɗinka wa Felicia riguna, ana buga musu akwatunan katako. Talatu ce ta kawo wa Ishatu labarin. Ishatu ta tambaya ko tekun nan da ake faɗa ana hango gaɓarsa. Aka ce mata a'a. Ta ce to lallai akwai sanyi.

Tun daga ranar ta daina sayar da zare. Ta fito da audugar da ta ɓoye tun bara, ta gurje ta da kanta, ta shiɓe, ta zauna kaɗi daga hantsi har rana ta yi sanyi. Masaƙa suka yi ta aike, tana cewa a ba su haƙuri. Da zaren ya isa ta kai wa masaƙin da ta fi yarda da shi, ta ce gwado take so, fari, kamu biyar a tsawo, da baƙin layi biyu a kowane baki. Masaƙin ya dube ta ya yi murmushi, ya ce wannan ai na dogon mutum ne. Ta ce ya yi aikinsa.

Ana jibi tafiya, bayan la'asar, Irmiya ya zo sallama da iyalinsa. Matan gidan duk suna tsakar gida, wasu na surfe, wasu na tsince shinkafa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafara, kamar yadda matafiyi yake yi, kowace ta ce ta yafe, ita ma a yafe mata. Sannan ya zo ƙofar ɗakin uwarsa ya tsuguna. Tana zaune a bakin ƙofa, ta ba shi gefe, mazari yana juyi. Ya gaishe ta, ta amsa wa Talatu. Ya ce jibi za su tashi, ta ce wa Talatu a ce Allah ya kiyaye hanya. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya matso kusa.

"Inna, ban san ko zan dawo ba. In akwai abin da kika riƙe ni da shi, ki yafe mini. Amma da bakinki nake so in ji, ba a bakin Inna Talatu ba."

Taɓarya ta tsaya a turmi. Ishatu ta ji idon mata a kanta. Maganar tana nan a bakinta, gajeriya ce, ba ta wuce ta ce ba ta taɓa riƙe shi da komai ba. Amma shekara ashirin da takwas ba ta yi masa magana kai tsaye ba, kuma ba ta ga yadda za ta fara yau, a gaban matan da suke ba 'ya'yansu misali da ita. Ga shi kuma tana da amsar da a ganinta ta fi magana ƙarfi. Ta miƙa hannu cikin ɗaki ta jawo ƙunshi, an naɗe shi tam a cikin tsohon zane an ɗaure.

"Ƙawata, zo ki karɓi kayanki. An ce teku da sanyi."

Felicia, 'yar shekara huɗu, ta rungumi ƙunshin da ya kusa fin ta girma, ta yi taga-taga, mata suka yi dariya. Talatu ta ce wa yarinyar, wannan ƙawa taki ta iya zaɓen kaya, Allah ya sa ki sam wa babanki. Keziya ta durƙusa ta yi godiya. Duk macen da ke tsakar gidan nan ta gane abin da aka yi, har wasu suka share ido da bakin zane. Irmiya ya ɗan jira, bai ji an ƙara komai ba, ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa ya fita. Ishatu ta bi ƙafarsa da kallo ta ƙasan ido, tana ganin ɗan ɗingishin da gyambo ya bar masa. Ranta a kwance yake. In ya isa gida aka kwance ƙunshin, ya ga tsawon, ai ya ji amsa.

Ba a kwance shi ba. Akwatuna sun riga sun cika, Keziya ta tura shi yadda yake cikin akwatin yarinyar ta rufe.

Ranar tafiya Ishatu ba ta je tasha ba, uwa ba ta rakiyar ɗan fari. Tana zaune da hantsi ta ji kukan jirgi daga nesa, ba ta ajiye mazari ba. Talatu dai ta ce zaren da aka kaɗa a ranar bai sayu ba, wani wuri kauri wani wuri siriri, kamar na mai koyo.

Bayan wata huɗu wani farke mai goro ya kawo takarda, an rubuta ta da ajami don a samu mai karantawa a unguwa. Aka kai wa Malam Gwadabe, maƙwabcinsu mai makarantar allo, ya zo zaure ya karanta, mata suna saurare daga ciki. Sun sauka lafiya. Felicia ta yi amai a jirgi kwana biyu. Ruwan sama a can ba ya da lokaci, dawa kuma sai an nema. Ya gaida kowa da sunansa. Keziya tana godiya da gwadon Felicia, ta ce ya yi mata yawa ƙwarai, don haka ta raba shi biyu ta kalmashe bakin, rabi na yarinyar, rabi ta ajiye wa jaririn da suke jira. A ƙarshe ya ce a gaida Inna, in tana karɓar gaisuwarsa.

Talatu ta dafe ƙirji ta ce a hankali, ta yanka shi.

Malam Gwadabe mutum ne mai hangen nesa. Ya ce farken zai koma bayan sati biyu, a kawo tawada yanzu a rubuta wa yaron gaskiyar magana, layi ɗaya ya isa. Ya ce wa Ishatu ta tuna a hannun Turawa yaron ya girma, su kuwa sai an faɗa musu abu ƙiri-ƙiri.

"Ai ba Turawa suka haife shi ba, Malam," in ji ta daga bayan zana. "A rubuta muna lafiya. A gaida yarinya."

Talatu ta so ta sa baki a rubuta da sunanta, Ishatu ta hana, ta ce ba za a kai ta bakin duniya a takarda ba. Wani gwadon za ta yi masa. Wannan karon har da hula za ta haɗa, ta ga yadda za a yi a ce hular namiji ta yarinya ce.

Na biyun bai zo da sauƙi ba. Audugarta ta ƙare, kuma ta ƙi sayen ta kasuwa, sai da ta jira kaka. Dole ta koma kaɗin sayarwa don abinci, na gwado sai abin da rana ta rage. Idonta ya fara hazo, zare yana tsinke mata, ta warware ta sake. Takardu biyu suka ƙara zuwa a tsakani. An haifi namiji, majami'arsu ta samu rufin kwano, kuma kowace takarda da kalmomin nan take rufewa, in tana karɓar gaisuwarsa. Kowane karo Malam Gwadabe yakan riƙe alƙalami ya jira, ita kuma ta ce saura kaɗan a gama.

Damina biyu suka wuce kafin gwadon ya fito daga masaƙa, kamu biyar, baƙin layi biyu. Ta naɗe shi da hular a ciki, tana jiran fatake su tashi. Kafin su tashi wani dattijo daga majami'a ya yi sallama a ƙofar gida da safe, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ciwon shawara ne ya kama Malam Irmiya, kwana shida ya yi. An binne shi a can. Keziya za ta zauna da yaran, tana koyarwa a makarantarsu.

Mata suka cika gidan. Ishatu ta karɓi gaisuwa ido a bushe, kamar yadda ake son uwar ɗan fari ta yi, aka yi ta yaba haƙurinta. Da aka watse bayan kwana bakwai, sai ta yafa mayafi ta tafi zauren Malam Gwadabe da ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna daga gefe ta ce a rubuta wa Keziya. A gaya mata ba ta yi laifi ba. A gaya mata tuwon Juma'a ba sadaka ba ne. A gaya mata gwadon da ta raba ba na yarinya ba ne, nasa ne.

Malam ya rubuta, ya tsaya. Ya ce takarda za ta bi hannu da yawa kafin ta isa, kuma wannan "nasa" da aka yi ta faɗa ba suna, shi ya kawo su nan. Na wa zai rubuta?

Ta daɗe tana murza yatsunta, allin yana zuba a kan zanenta.

"Na Mika'ilu," ta ce. "Na ɗana Mika'ilu. Ka sa Irmiya ma, da shi ta san shi."

Takardar ta bi fatake. Ba a samu amsa ba, kuma ba wanda ya san ko ta isa. Ishatu ta ƙara shekara tara a duniya, tana kaɗi har idon ya ƙi gaba ɗaya. Waɗanda suka zauna da ita a ƙarshen rayuwarta sun ce ta zama mai yawan ambatonsa, da suna, a gaban kowa, har 'yan matan gidan suna sunkuyar da kai don kunya. Gwadon na biyu kuwa ba ta taɓa lulluɓa da shi ba ko a tsananin sanyi. Da ta rasu Maijidda ta same shi a ƙarƙashin gadonta, a naɗe, hular tana ciki.