Haƙorin Alhaji Altine

Ranar Talata da hantsi ina auna wa wata mata gero a kasuwa, sai ga Nasiru, babban ɗan Alhaji Altine baduku, ya tsaya bakin rumfata ya kasa sallama. Na ajiye kwanon awo. Ya ce, "Baba Mamman, abokinka ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Fiye da shekara hamsin muna cin tuwo a akushi ɗaya ni da Altine, a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Dundaye. Mutum ne da zai warware ɗinkin jaka gaba ɗaya saboda zare ɗaya ya karkace. In na ce mai jakar ba zai lura ba, sai ya ce, "Shi bai gani ba, amma ni na gani." Ni mai faɗa ne, kowa ya sani. Shi kuwa ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai wajen kiran akuyarsa.

Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita, yau zan sauke.

Lokacin da ciwon daji ya kama shi a ƙarƙashin harshe, ni na raka shi Ikko, inda aka yi ta gasa wurin da hasken na'ura har ciwon ya mutu. Da kunnena na ji likita ya ce kada a kuskura a cire masa haƙori sai an koma wurinsu. Bayan shekara huɗu haƙorin turmi ya hana shi sakat. Na ce masa, "Mi waɗanga yara sunka sani? Wanzami ya cire min ukku, ga ni zaune." Ni na ja shi zuwa wurin wanzamin, ni na riƙe masa kai.

Ramin haƙorin ya ƙi rufewa. Ƙashin muƙamuƙi ya soma ruɓewa, yana ruwa, yana wari. Mu bakwai ne a ciyayya, ɗaya bayan ɗaya suka janye akushinsu. Na san su, sun san kansu, har yau ba na amsa gaisuwar biyu daga ciki. Shi kuwa cewa ya yi, "Ƙyale su, Mamman, kowa da hancinai." Da Nasiru ya matsa masa ya faɗi wanda ya kai shi wurin wanzami, sai ya ce, "Ƙahwata ta kai ni."

Shekarun nan ne kuɗin fetur suka shigo, soja na mulki, Nasiru ya samu matsayi a ofis, ya shirya kai shi Ingila. Na hau na zauna. Da na ji irin maganin da za a yi masa can, na ce likitoci ne suka ƙona shi, yanzu kuma za su rufe shi a tanki? Ba wanda ya saurare ni, kuma ba a gayyace ni rakiya filin jirgi ba. Wannan ma ban manta ba.

Da ya dawo ya ba ni labari. Ashe hasken da ya kashe ciwon ya busar da ƙananan hanyoyin jini a ƙashin, shi ya sa rauni ba ya warkewa. Sai likitocin can su sa shi cikin tankin ƙarfe kamar na motar mai, su rufe, su matsa iska tsantsa har jini ya kai ta cikin ƙashin. Kullum kusan awa biyu, sati da sati, kunne na toshewa yana haɗiyar yawu, sannan suka yanke ƙashin da ya mutu. An hana shi shiga da turare da man shafawa don gudun gobara. Ya yi dariya da karkataccen bakinsa ya ce, "Ka ga Turawa, Mamman, ran da nif fi buƙatar turare sunka amshe shi." Ciwon ya rufe. Shekara bakwai ya ƙara yana cin tuwo, ko da mai laushi ne. Na yarda tankin ya yi aiki, amma ba zan maimaita ba.

Sau ɗaya na buɗe baki zan roƙe shi gafara. Ya tura min akushi ya ce, "Ci, miya na hucewa." Na ci, na yi shiru, kuma na ji daɗin shirun. Nan na yi kuskure na biyu.

Nasiru, Hajiya Inno mai ɗakin Altine, da sauran yara: shekaru kuna tsine wa wanzamin nan har ya mutu. Abin da na sa shi ya yi. Ni ne. In kun yafe, na gode. In kun ƙi, ba ku zalunce ni ba.

Allah Ya jiƙan Altine, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa wahalar da ya sha ta zame masa kaffara. Allah Ya ba Hajiya haƙuri, Ya haɗa kan 'ya'yansa, Ya jiƙan wanzamin da aka zaga a kan laifina. Ni kuma Allah Ya ba ni cikawa da imani. Amin.