Fitilar da Aka Makantar

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sani, mai gyaran wayoyin mota a Jikwoyi. Kowace shekara nakan tuna shi da addu'a kawai, amma bana abin da na gani ya sa na kasa yin shiru.

Yaya mutum ne mai taurin kai a kan littafi. Lokacin da farar hula suka dawo mulki, motocin Kwatano suka cika Abuja, littattafan gyaransu kuma da Jamusanci ko Japananci. Ba ya jin ko ɗaya, amma zane yake bi. Zai shimfiɗa shafin a kan bonet, ya ɗora yatsa a kan layi, ya bi shi daga batir zuwa fis har inda wayar ta tsaya. Mai mota na gumi yana duba agogo, shi ko a jikinsa. Mukan tsokane shi da Malam Taswira. Ni kaina sai da ya tilasta mini haddace alamomin gaban direba, ina gunaguni. Ya koya mini cewa idan na murɗa makulli, dole duk fitilun su kama kafin su mutu.

Yanzu ɗansa Nura ke riƙe da shagonsa, da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Kwanakin baya wata jar fitila ta ƙi mutuwa a motata, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, wato alamar jakar iskar da ke tare direba idan an yi karo. Na kai masa motar, ya dawo mini da ita fes, fitilar ta mutu. Na sa masa albarka.

Washegari na murɗa makulli. Duk fitilu suka kama, ban da ita. Na koma shagon na tambaye shi me ya gyara.

"Gwaggo, ƙwan fitilar na cire," in ji shi, ko kunya babu. "Kowa haka yake yi. Kwastoma so yake light ɗin ya tafi kawai, ba mai lokacin bin waya."

Na tambaye shi motoci nawa ya yi wa haka. Ya ce bai ƙirga ba.

Me Yaya zai ce? Ina jin zama kawai zai yi a kan benci ya riƙe kai. Har yau idan na tsaya a cunkoson Nyanya, nakan kalli motocin da ke gefena, wasu da yara a ciki, in tambayi kaina wacce ce ta bi ta hannun ɗanmu. Abin yana ba ni tsoro, yana kuma ba ni haushi.

Da nakan ce shagon ne gadon Yaya. Ashe shago rumfa ce kawai. Abin da ya saura daga iliminsa ɗan kaɗan ne, kuma yana wurina, ni 'yar ofis da ban taɓa riƙe sifanar kwance noti ba. Na gaya wa Nura ya nemo masu motocin nan ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da fitilunsu. Ya ce wasu ko sunansu bai sani ba.