Takalmina Ya Riga Ni Hawa Lilo

Abin da na fara gani da muka shiga filin wasan shi ne layin takalma. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Takalma ne kawai jere a rana, tun daga gindin babban lilo har suka yi kwana wajen mai sayar da ƙanƙara. Masu takalman suna can ƙarƙashin wasu darbejiya biyu a jikin shinge, sun cure wuri ɗaya kamar tumaki a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kowa ya zuba wa nasa ido daga nesa.

Washegarin ƙaramar Sallah ne, ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Tun cikin azumi ake ta zancen wurin a makarantarmu a Gagarawa. Wai an kawo kayan wasa Gumel irin na Kano, wai akwai lilon da idan ya kai ka sama har Nijar za ka hango. Ban gaya wa kowa ina son zuwa ba, amma Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta lura da yadda nake kasa kunne, ta ce in shirya za ta tafi da ni. Direban da ya kawo mu ya faɗa mana tun a hanya cewa ana idar da la'asar zai juya, wanda bai zo ba ya nemi wurin kwana.

Wurin da aka yi wata guda ana kururutawa tsohon filin ƙwallo ne da aka zagaye da kwano. A ƙofa an zana zaki, amma ya fi kama da ɗan akuyan da ya sha ruwan sama. Akwai gidan iska da yara ke tsalle a ciki, yana ta sacewa ta gefe ɗaya har bangonsa ya durƙusa. Akwai dawakin roba masu zagaye, ba inji, samari biyu ne ke tura su suna haɗa gumi, ɗaya daga cikin dawakin ma ba shi da kunne. Babban lilon ne kaɗai abin kallo. Kamar ƙafar keke yake, ƙatuwa, an tsayar da ita, an rataya mata kujeru masu kama da kwanduna. Shi kowa ya zo hawa.

Gwaggo ta sayo mini tikiti ta danƙa mini, ta dubi layin ta dubi ƙafata.

"Cire ki ajiye, 'yar nan."

Na tsaya ina kallonta.

"Ke ba kya zuwa tuƙa-tuƙa ne? In kin je ke kike tsayawa a layi ko jarkarki? To haka ake yi a nan. Wa zai tsaya a wannan rana ya gasu?"

Da jarka da takalmi akwai bambanci, amma ban faɗa ba. Jarka kowa ya san tasa, wata an ɗaura mata tsumma, wata an rubuta mata suna da fenti. Takalman shekarar nan kuwa uwa ɗaya uba ɗaya ne. Na roba ne ruwan hoda, da fure mai ruwan zinare a sama, ana ce masa taka-lafiya. An ce babbar mota guda aka shigo da shi Maigatari daga tsallaken iyaka ana saura kwanaki Sallah, kuma tun daga Sule Tankarkar har garinmu babu uban da bai sayo wa 'yarsa ba. Kowane uba ya koma gida yana jin 'yarsa ce za ta fita daban. Babanmu ma haka ya shigo da nawa a leda yana murmushi. Inna ta ɗora ƙusa a wuta ta yi masa ɗigo biyu a ƙarƙashin na hagu saboda Islamiyya, ta ce, "Shi ne naki har wata Sallar. In kika ɓatar, sai dai ki taka ƙasa."

Na cire na ajiye a bayan wani taka-lafiyar. Kafin in ɗago an ajiye wani taka-lafiyar a bayan nawa.

Sai a lokacin na gane irin wayon da aka yi. An gudu daga rana, amma an bar ƙafa ba takalmi a yashin bazara. Daga layin zuwa inuwa sai da na yi tsalle-tsalle kamar wadda ta taka garwashi. Kuma takalmi ba ya tafiya da kansa. Duk sanda lilo ya sauke mutane, mai kula da shi ya busa usur, sai inuwa ta watse. Manyan mata da lesukan Sallah, 'yan mata da kwalliya, magidanta da hula ƙube, kowa ya fita a guje yana ɗaga ƙafa yana salati, ya tura takalminsa gaba, ya dawo a guje. Haka muka wuni. Da mun tsaya a layin da takalmanmu a ƙafa, da kanmu kaɗai zai ji rana.

Ni ba mai magana ba ce, kallo ne aikina, kuma ranar na sha kallo. Na ga wata mata tana tura nata da yatsan ƙafa, a hankali ta tsallake ƙafa uku tana kallon sama kamar mai duban wata. Na ga wani ƙaton sau-ciki baƙi a gaban layi, da lokacinsa ya yi sai ga yara reras sun fito daga inuwa, wai takalmin Alhaji ne ya kama wa iyalinsa duka layi. Aka yi ta hayaniya, wani dattijo ya ce ai ko a masallaci takalmi ɗaya mutum ɗaya ne, aka ce masa nan ba masallaci ba ne.

Mai kula da lilon wani saurayi ne da baƙin gilashi, ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Iyakar injiniyancin da na gani a wurinsa shi ne ya tuttula mai daga gora, in janareto ya yi tari ya ƙwala masa sifana. Duk budurwar da ta ce "Yaya Injiniya, barka da Sallah" da 'yar siririyar murya, sai ka ga ta hau ba tare da takalminta ya taɓa ganin layi ba.

Ban ɗauke ido daga nawa ba. Ina lissafe da shi: yana bayan wanda furensa ya karkace, yana gaban wanda aka ɗaure da zare. Gwaggo kuwa ta samu wata tsohuwar ƙawarta ta Gumel, sun baje a kan tabarmar mai awara suna tona auren mutane. Ta saya mini ƙanƙara, na shanye ban san ɗanɗanonta ba.

Bayan azahar wata yarinya ta shigo da ƙawayenta. Za ta girme ni kaɗan. Koren gyale ta yafa, tana taunar cingam tana fasa shi, muryarta har waje. Na ga sanda ta cire nata taka-lafiyar ta jefar can ƙarshen layi, wajen mai ƙanƙara, tana cewa su a Kano ba haka ake yi ba. Daga yadda take cewa "Kano" na san sau ɗaya ta taɓa zuwa.

Rana ta fara karkata sanda takalmina ya shiga sahun waɗanda za su hau. Tikitin ya jiƙe a hannuna har ya yi laushi. Injiniya ya busa usur, aka kwasa a guje. Ni ban iya ture mutane ba, na riƙa kaucewa ina ba da hanya, wata mai goyo ta bangaje ni. Ko da na isa, akwai ƙafafu a cikin takalmina. Ƙafafu masu jan lalle, ƙanana, har da sauran wuri a baya. Na ɗaga kai na ga koren gyale.

"Nawa ne," na ce.

"Me kika ce?"

Na maimaita, amma ni kaina ban ji ba.

"Ke, buɗe baki ki yi magana, ko azumin ne bai sake ki ba?" Ƙawayenta suka tuntsire. "Naki? Kamfanin don ke kaɗai ya yi? Dubi layin nan, ƙawata, duk naki ne? Je ki can baya ki duba, za ki ga naki yana jiran ki."

Abin da zan ce ba shi da wuya. Cire na hagu ki kifa, akwai ɗigo biyu. Na shirya maganar tsaf a cikina, sai na ga kowa ni yake kallo. Idanu sun yi mini yawa. Yashi yana cin tafin ƙafata, ina ɗaga wannan ina sauke wancan, wani yaro ya ce ga mai rawar Sallah. Injiniya ya leƙo ta saman gilashinsa.

"Wace ce a cikin takalmin?"

"Ni ce, Yaya Injiniya."

"To shari'a ta ƙare. Wuce."

Ina tsaye takalmina ya taka matakalar ƙarfe ya shiga kwando, aka ja masa sarƙa.

Na je ƙarshen layi na samo nata. Ba wuyar ganewa, don yadda ta jefar da shi haka yake, ɗaya a kife. Furen na dama ya cire, an liƙa cingam a gurbin. Na gwada, rabin dugadugina a waje. Na kai wa Gwaggo na faɗa mata a kunne.

"Kika tsaya tana sa miki takalmi? Bakin naki na cin tuwo ne kawai?" Ta juya wajen ƙawarta. "Kin ga 'yar yayana, ko kaza ce ta ƙwace mata abu sai ta ce mata sannu." Sannan ta ce in je gindin lilon in jira, tana saukowa in karɓa, hawa kuma sai wata shekarar.

Ban damu da hawan ba a lokacin. Fuskar Inna kawai nake gani tana kifa takalmi tana neman ɗigonta.

Lilon ya zagaya sau biyu. Duk sanda kwandonta ya wuce ta gabana sai in ga takalmina yana reto, tana ɗaga wa ƙawayenta hannu. A zagaye na uku janareto ya yi tari. Injiniya ya ƙwala masa sifana. Ya sake tari, ya yi shiru. Lilon ya ja ƙara ya tsaya cak, koren gyale a can ƙololuwa.

Mai ne ya ƙare. Injiniya ya girgiza gorarsa a kunne kamar zai ji wani labari dabam, sannan ya ba wani ya tafi wajen 'yan bumburutu. Aka ce ai duk sun tafi yawon Sallah, sai can hanyar tasha. Na cikin kwandunan ƙasa suka dirgo. Na sama suka fara kiran iyayensu. Mai koren gyale ta fi kowa, ta ƙanƙame sarƙa ta runtse ido tana "Wayyo Umma, na tuba!" Ga Nijar ɗin da ake ta faɗa a gabanta, ko leƙe ba ta yi ba.

Masu shawara suka fito daga inuwa, kowa ya zama injiniya. Wasu suka ce a tura da hannu. Maza suka kama ƙarfen, rabi na turawa gabas rabi na turawa yamma, kwanduna suka yi ta kaɗawa, kuka ya ƙaru. Wani ya ce a kawo tsani, wani ya ce tsanin da zai kai can sai na masu gyaran wuta. Duk wannan abin da ake, ba wanda ya janye takalminsa daga layi. Wata ma na gan ta tana amfani da rikicin tana tura nata gaba, zuwa lilon da ba ya motsi.

Aka kira la'asar. Injiniya ya ce bari ya yi salla kafin mai ya iso, ya cire gilashi ya tafi alwala. Ba a jima ba wayar Gwaggo ta yi ƙara, direba ne, na ji tana cewa, "Ga mu nan, Malam, don Allah minti kaɗan." Ta taso tana gyara mayafi.

"Sa wannan ɗin ki taho. Takalmi ba takalmi ba ne?"

"Ba ya shiga, Gwaggo."

"To ki riƙe a hannu. Mota za ta tashi, ni ba zan kwana a Gumel saboda roba ba."

Ta yi gaba. Na bi ta taku kaɗan da takalmin mutane a hannu, sai na tsaya. Na ajiye shi a ƙasa, na koma gindin lilon, na kutsa tsakanin mazan da ke gardama har na zo daidai ƙarƙashin kwandonta. Daga nan ina hango tafin na hagu, ɗigon ne dai ba ya ganuwa don nisa. Na kira ta, iska ta tafi da muryar. Wani dattijo da ke kusa ya ce, "'Yata, in da na sama kike, sai kin ɗaga." Mutane suka fara juyowa. Na haɗa hannuwa biyu a baki, na yi ihun da ban taɓa yi ba ko a filin makaranta.

"Ke mai koren gyale! Don Allah ki cire takalmina ki jefo mini, motarmu za ta tashi!"