Tabarau Mai Hawa Biyu Daga Jos

Ana sallame sallar asuba muka bar Bauchi, ni da maƙwabcin shagona mai sayar da batir. Sana'ata gyaran rediyo, shekara ashirin ke nan. Tun da aka ba mu jiha ma'aikata suka cika gari, talabijin ya fara shiga gidaje, ni ma na koyi gyaransa. Sai ga ido ya fara yi mini gardama. Abin nesa ina ganinsa tar, amma wayar da ke gaban hancina ta zama biyu. Ran da na ɗiga dalma inda ba nan ba na ƙone wa wani malamin makaranta akwatin talabijin ɗinsa, na yi rantsuwa ba zan sake taɓa kayan kowa ba sai na je Jos an auna ni.

Fijo muka shiga, mu tara har da buhun gyaɗa. A Nabordo muka karya da ƙosai da koko. Daga Tilden Fulani mota ta fara hawa tana nishi, sanyi ya shigo ta taga, abokina da ya yi mini dariyar ɗauko bargo ya ja rabinsa ya rufa. Wajen Naraguta muka wuce tafkunan da masu haƙar kuza suka bari, ruwan kore shar, mata na wanke tumatir da kabeji a gefe.

Shagon tabarau na wani dattijo ne ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Jos. Ya ɗora mini wani firam ɗin tabarau mai nauyi, yana canza gilasai, ya ba ni jarida. Rubutu ya fito raɗau.

“Shi ke nan, Malam, ido ne ya tsufa. Na karatu za ka sa.”

Na ce, “Oga, ni ba karatu na zo yi ba.”

Na buɗe jaka na fito da cikin wata tsohuwar rediyo, da igiya mai ƙulli biyu da na auno a shago. Ƙullin farko nisan idona ne da abin da nake liƙawa. Na biyu nisan madubin da nake jinginawa a gaban talabijin, don in ga hoto ina murɗa shi ta baya. Da tabarau na karatu, madubin nan hazo ne kawai.

Ya dubi igiyar ya yi dariya, sannan ya kama bakinta ya ɗora mini a goshi. Mun fi awa guda. Ya manna jarida a bango daidai ƙulli na biyu, ina duban rediyo ina ɗaga kai, yana canza gilashi, har duka biyun suka zauna. Ya ce mai hawa biyu zai yi mini, ƙasa na dalma, sama na madubi, amma sai an yanko, in koma gida in dawo bayan sati.

Na ce ba inda za ni. Abokina ya juya a ranar, ni na sauka wurin ɗan'uwan matata, mahauci a unguwar Abattoir. Kwana shida ina cin balangu da dankalin Turawa, wanda a can ya fi doya araha, kullum da hantsi ina bakin shagon. A rana ta huɗu dattijon ya daina gaishe ni, sai dai ya turo mini kujera.

Da tabarau ya iso, na zauna nan a teburinsa na liƙe wayoyi uku siraran gaske, hannuna bai ɓata ko ɗaya ba. Ya gargaɗe ni: “Na aiki ne. Kada ka hau babur da shi.” Ban ji ba, na fito da shi a fuska don yanga, na taka kwata har idon sawu.

Na iso Bauchi da la'asar, na tarar da talabijin huɗu na jirana. Kafin magariba, biyu daga cikinsu sun yi magana.

Abin da na koyo, in za ka wurin mai auna ido, tafi da aikinka a hannu. Shi ya san gilashi, kai kaɗai ka san inda kake sa kanka.