Ranar da Alhaji Garba Ya Shiga Taɓon Angala

Cikin duk shekarun da na yi a sashen kiwon kifi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da na ga Alhaji Garba mai karafish tsamo-tsamo cikin taɓo har cinya.

A ƙarshen shekarun 1980 ne. Ni mataimakin jami'in kiwon kifi ne a ofishin gona na Kafanchan, ban daɗe da barin gidanmu a Fadan Kagoma ba. Aikina duba ƙasa da ruwa kafin manomi ya haƙa tafki. Alhaji Garba kuwa kowa ya san rumfarsa a kasuwa. Tun zamanin mahaifinsa jirgin ƙasa ke kawo musu buhunan karafish, wato busassun ƙananan jatan lande, daga Fatakwal, har ba a raba rigarsa da wannan ƙamshin.

Wata safiya ya zo wurin ogana. Ya ce wani kamfani a can bakin teku zai sare daji ya haƙa tafkunan kiwon jatan lande, manyan da ake sanyawa a ƙanƙara a kai Turai, kuma an yi masa tayin shiga. Har ya ba da kafin alƙalami, sauran kuma gidansa na haya zai sayar ya cika. Yana son a ba shi aron wanda ya san tafki ya je ya gano masa. Oga ya dube ni ya ce, "Yohanna, ka shirya kayanka. Ka tafi ka ga ruwa wanda ba shi da ƙarshe."

A lokacin Musulmi da Kiristan garinmu suna ɗari-ɗari da juna bayan wani rikici, matata ma ba ta so tafiyar ba. Amma tun kafin jirgi ya kai Lafiya Alhaji ya kwance ƙunshin dambun nama ya tura gabana. Da muka isa Makurdi har ya san sunayen 'ya'yana.

Daga Fatakwal muka hau kwalekwale mai inji. Ban taɓa ganin daji irin wannan ba: itatuwa a tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Mutanen wurin suna kiransu angala. Wakilin kamfanin, wani Mista Dokubo, ya nuna mana katafila a kan babban jirgin dako, tana jiran a ce ta sauka.

Ƙa'ida ita ce sai jami'in ƙasa na jihar ya auna wuri kafin a haƙa. Wadda aka turo Madam Ibiere ce, gajeriyar mace mai takalmin roba har gwiwa. Ba ta jin Hausa, Alhaji ba ya jin Turanci, sai na zama tafinta. Da ruwa ya janye, kamar yadda na bakin teku ke yi kullum, ta ce in ɗauko bututun awo, wani dogon ƙarfe da ake murzawa cikin ƙasa a zaro abin da ke can ciki. Mista Dokubo ya ce Alhaji ya zauna a inuwa, za a kawo masa sakamako.

Alhaji ya ce, "Abin da zan sayar da gida a kansa, a kawo mini labarinsa?" Ya tuɓe babbar riga ya naɗe wando ya biyo mu.

Muka zaro bututun. Taɓo ne baƙi ƙirin, cike da zaren saiwa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Madam ta ce ganye da saiwar da suka zuba tun kaka da kakanni ne, ruwa ya rufe su, iska ba ta kai gare su ba. Ta ambaci kalmar kabon. Na lalubi Hausarta, can na ce, "Alhaji, ta ce wannan rumbun gawayi ne."

"Gawayi a cikin ruwa, Malam Yohanna?"

Madam ta tambayi abin da na faɗa, ta yi dariya ta ce na yi kusa. Ta ce itatuwan suna zuƙo kabon ɗin daga iska su binne a nan. Muddin daji na tsaye, yana kwance abinsa. In aka sare aka buɗe taɓon, sai ya koma sama ya ƙara wa duniya zafi, ƙasar da ta rage kuma ta yi tsamin da kan kashe jatan lande bayan 'yan girbi kaɗan.

Mista Dokubo ya ce zafin duniya ba damuwar ɗan kasuwa ba ne, tsami kuma farar ƙasa na maganinsa. Gaskiya Alhaji ma zancen zafin bai kama shi ba. Idonsa yana kan wani ɗan kududdufi a gindin saiwa, inda wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ke tsalle. Ya kamfato su a tafin hannu.

"Tambaye ta, waɗannan 'ya'yan wane ne?"

Ta ce 'ya'yan jatan lande ne da danginsu. A nan suke girma kafin su fita babban ruwa, inda masunta ke kamawa, mata su busar, a zuba a buhu.

Alhaji ya daɗe a tsaye, sauro na cizonsa bai kore ba. Sannan ya mayar da su ruwa a hankali. Ya ce, "Ashe gidan iyayen gidana ne zan sa a rushe. Gaya wa Mista na fasa."

Kafin alƙalaminsa bai dawo ba. Madam ta rubuta cewa wurin bai dace ba, ta ba da shawarar wani fili a bayan dajin. Daga baya na ji kamfanin ya samu wasu masu kuɗin ya sare wani ɓangare duk da haka. Yadda suka ƙare, ban sani ba.

Alhaji bai yi arzikin Turai ba. Ya ci gaba da zama a rumfarsa har jirgin ya daina zuwa a kan kari, ya koma ɗauko kaya a mota. Duk Kirsimeti sai ya aiko wa matata da mudun karafish, har shekarar da ya rasu. Ni ma na shiga cikin masu rakiyar gawarsa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kun fi mu sanin kabon, har da na'urar auna shi. Abin da zan ƙara muku kaɗan ne. Manomi ko ɗan kasuwa ba ya ƙin gaskiya don taurin kai, yawanci daga nesa ake miƙo masa ita. Ku kai shi wurin, ku bar shi ya sa hannu, ku yi shiru. Shi zai nemo dalilinsa, kuma ba lalle ya zama irin naku ba.