Surukina ya zauna a wurin wufa

Ina cikin rarrafe a tsakiyar salo, wato ɗakin zamanmu, kunnena dab da siminti, sai na ji sallamar surukina.

Wufa ta biyu na sayo, akwatin nan mai sa fim ya yi rugugi har cikin ƙirji, don ta farkon ba ta cika ɗakin. Mai shago a Yamai ya ce in ɗora ta kan kujerata, in kunna, in bi ɗaki da rarrafe. Inda rugugin ya fi daɗi, nan ne mazauninta.

Tsoho ya taso daga Bonkuku ba sanarwa. Ya dubi baƙin akwati yana gurnani a kan kujera, ya dube ni goshi a ƙasa.

"Malam, yaushe ka koma bautar wagga aba?"

"Wuri nika nema mata, Baba."

"Tana bisa kujera, kana ƙasa, kuma ita ta rasa wuri?"

Ya wuce ya shimfiɗa buzunsa a kusurwar taga, daidai inda kunnena ya zaɓa, ya ce sai bayan ranar kasuwar Filinge zai koma gida.

Jama'a, da wane baki ake ce wa suruki ya matsa wa wufa?